Ni ce mai wankan gawar unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ƴar Maradi ce, uwa, yanzu har da jikoki, kuma aikin da aka fi sanina da shi a unguwarmu shi ne wankan gawa. Idan mace ta rasu, ko ƙaramin yaro, ni ake aikowa a kira, ko da tsakar dare ne. Na san akwai wadda ta karanta wannan har tsigar jikinta ta tashi. Ba komai ƴar'uwa, ni ma da haka nake, akwai lokacin da ko layin da aka yi rasuwa ba na bi. Ɗana na biyu ne ya matsa mini in ba da labarin nan, shi ya kuma gyara mini rubutun, don bokon nawa na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya. Na yarda ne saboda matan da ke zaune a ɗaka da irin ciwon da na zauna da shi, ba su da wanda za su faɗa wa.

An haife ni a wani ƙauye kusa da Jiratawa, wajen masu noman rani. Ina ƙarama aka yi yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari. Abin da na riƙe daga cikinta kaɗan ne: Innata tana jiƙa anza tana sauya mata ruwa kullum don ɗacin ya fita, da kuma ƙannena biyu da aka ce mini sun koma. Ban ga Inna ta yi kuka ba. Da na girma na tambaye ta, sai ta ce, "Wa zai daka, wa zai ɗebo ruwa, in na zauna kuka?" Tarbiyyar da na tashi da ita ke nan. Mace ta gari ita ce wadda ake cewa da ita "kai, wance akwai haƙuri", kuma haƙurin da ake nufi shi ne kada a ji bakinki.

A 1993 aka kawo ni Maradi gidan miji. Maigidana tela ne a babbar kasuwa. Shekara na zagayowa aka karya darajar sefa, komai ya yi tsada, sai na kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida don in rage masa nauyi. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Allah ya ba mu ƴaƴa huɗu maza, sannan a 2003 ya ba mu ɗiya mace. Duk wadda ta jera maza ta san yadda ake jiran mace. Tun tana ciki nake ajiye mata ƴan kunne.

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fari kuma suka sauka a gonakin arewa. Mu ƴan birni muka ɗauka abin na mutanen karkara ne. Ba a yi nisa cikin 2005 ba sai ga shi a ƙofar ɗakinmu. A farkon shekarar aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su madara da sukari da fulawa, har aka yi ranakun da gari ya mutu, aka rufe kasuwa da shaguna don nuna ƙin yarda. Harajin an sassauta shi daga baya, amma hatsi ya ƙi saukowa. Kafin tsakiyar damina buhun gero ya doshi jika 30. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne hatsin yana nan. Maradi garin ƴan kasuwa ne, shaguna cike da buhuna, manyan motoci suna lodi suna nufar Ɗan Isa, garin bakin iyakar Najeriya. Manya suna ta gardama a rediyo, wai yunwa ce ko ba yunwa ba ce, mu kuwa muna raba tiya ɗaya kwana biyu.

Mai jin yunwa ba ya ɗinki. Maigidana ya rufe keke ya tafi Legas neman abin da zai aiko. Gyaɗa ta fi ƙarfina, muka cinye jarin, na sayar da tasoshin aurena ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan hali na yaye yarinyar. Zawo ya kama ta, ga zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Gashinta ya yi ja ya zube, ƙafafunta suka kumbura, ta daina wasa, daga baya ma ta daina kuka. A wancan lokaci zuwa likita sai da kuɗin kati da na magani. Kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar sai a 2006 aka yi dokarta. Matan unguwa kowa da nata bayani: wannan ta ce haƙora ne, waccan ta ce nonona ne ya lalace, wata ta ce baki ne.

Wata maƙwabciya ce ta ce in kai ta wurin likitocin agaji na MSF, masu kula da yara masu tamowa. Na tarar da tantuna cike da mata daga Dakoro, Mayahi, Tasawa, Gidan Rumji, kowace da ɗanta a cinya. Aka naɗa mata ɗan ma'aunin nan a damtse mai kore da rawaya da ja, ya tsaya can cikin ja. Aka kwantar da mu, aka sa mata siririyar roba ta hanci ana ba ta madara kaɗan-kaɗan. Ma'aikatan nan, ƴan ƙasa da baƙi, sun yi iyakar yinsu, Allah ya saka musu. Na ga yara da yawa da aka kawo kamar ba za su kwana ba sun tashi suna lasar abincin gyaɗar nan na cikin leda, an sallame su. Tawa ba ta cikinsu. Gab da asuba wata rana na ji jikinta ya saki a hannuna.

A tabarmar da ke kusa da tawa akwai wata Buzuwa daga arewacin Dakoro, ɗanta namiji yana kwance, shi ma rai a hannun Allah. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ni kuma ba na jin yarensu. Ban yi kuka ba, ban yi motsi ba, na dai ƙanƙame yarinyar. Babu mijina, babu dangina, gari bai waye ba balle in aika gida. Matar nan ta taso ta durƙusa gabana, ta yi ta shafa hannuna har na saki. Ta ɗauke ta, ta yi wa wata ma'aikaciya alama, aka nuna mata wurin da aka keɓe, aka ba ta ruwa a bokiti. Ina tsaye ina kallo ta wanke mini ɗiyata a hankali, tana rufe mata jiki da tafin hannu kamar mai gudun kada ta ji sanyi. Da ta gama sai ta koma ta kwance ƙullin kayanta, ta fito da wani farin ƙyalle sabo, ninke tsaf, ta naɗe ta a ciki. Da hantsi ƙanin mijina ya zo da mutane suka ɗauka. Ko na gode ban ce mata ba, bakina ya ƙi buɗewa.

Sai bayan watanni, ina tsakar tankaɗe, abin ya faɗo mini: me zai sa matar da ta baro daji da ɗa marar lafiya, ba ta da ko takalmin kirki, ta riƙo sabon farin ƙyalle? Likkafanin ɗanta ne ta taho da shi. Na ajiye rariyar na shiga ɗaki. Har yau ban san ko yaron nan ya tashi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi wuyar faɗa, don daga waje babu abin da ya faru. Kaka ta yi kyau, hatsi ya sauko, maigidana ya dawo ya buɗe kekensa. Ya ce mini, "Sai haƙuri, wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa." Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma ba na zarginsa, shi ma haka aka koya masa. Na koma suyar gyaɗa. Ina girki, ina wanki, ina zuwa biki da suna. Mata suna yabona, wai wance akwai tawakkali. A cikina kuwa babu kowa. Ban bar salla ba ko sau ɗaya, amma da na sallame sai in naɗe darduma in tashi. Na kasa ɗaga hannu in roƙi komai. A cikin tantin nan na yi roƙon da ban taɓa yin irinsa ba, kuma ga yadda ta ƙare. Ban yi saɓo da bakina ba, Allah shi ne shaida, amma tambayoyi biyu ne suke kwana da ni suke tashi da ni: don me aka ba ni ita? Ni kuma da aka bari, aikin me nake yi a duniya? In tuƙa tuwo, a ci, in wanke tukunya, gobe in sake, har ranar da za a naɗe ni?

Barci ya ƙaurace mini, na rame. Da abin ya fito fili sai aka shiga nema mini magani. Gwaggona ta zo daga Tibiri ta ce iska ce ta taɓa ni, a kai ni a yi mini girka. Wata maƙwabciya mai zuwa islamiyya ta ce a'uzubillahi, ruƙiyya za a yi. Uwar mijina ta riƙa aiko mini da rubutu a kwalba. Na sha rubutun, an yi ruƙiyyar, girka ce kawai maigidana ya hana. Kowa cikinsu don ƙauna ya yi. Amma duk cikinsu babu wadda ta zauna ta ce da ni, "Ba ni labarin yarinyar nan." Sunanta ma an daina ambata a gidan, wai don kada a tayar mini da hankali. A 2007 na sake haihuwa, namiji, sai na tarar ina tsoron in so shi. Ina ba shi nono ina kallon bango.

Makarantar matan aure da na shiga, gaskiya don in riƙa fita daga gidan ne. Bayan la'asar muke zuwa, a zauren wata malama, dattijuwa mai sanyin murya. Muna karanta Ahalari da Ishmawi, ranar Laraba kuma ta ba mu tarihin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Wata Laraba ta kawo rasuwar ɗansa Ibrahim, wanda ya rasu yana jariri bai kai yaye ba. Ta ce Annabi ya ɗauke shi yana kan gargara, idanunsa suna zubar da hawaye, har wani sahabi ya yi mamaki. Sai ya nuna masa cewa wannan rahama ce: ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin abin da ba zai yardar da Ubangiji ba. Ta ƙara da cewa a cikin ƴaƴansa bakwai, shida a gabansa suka rasu, Nana Faɗima kaɗai ta rage bayansa.

Ban san lokacin da na ce, "Malama, ashe kuka ba rashin tawakkali ba ne?" Duk aji aka juyo. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Ɗiyata, Annabi Yakubu kuka ya yi har idanunsa suka yi fari, kuma Alkur'ani bai kira shi marar haƙuri ba. Cewa ya yi ga Allah kaɗai yake kai ƙarar baƙin cikinsa. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska. Ke wa kika kai wa taki ƙarar?" Na ce ban kai wa kowa ba. Ta ce, "To kai masa. Ya san da ita, amma kai masa."

Daren nan bayan isha na zauna a kan darduma ban naɗe ba. Ban roƙi komai ba. Labari na ba shi, tun daga ƴan kunnen da na ajiye har zuwa farin ƙyallen Buzuwa, ina kiran sunan yarinyar a fili. Kukan da ban yi a tanti ba a nan na yi shi. Kada wata ta ɗauka daga ranar na warke. Na dai samu inda zan riƙa kai kayana, nauyin kuwa yana nan.

A unguwarmu a lokacin mace ɗaya ce ke wankan gawa, wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Ana girmama ta, ana kuma ɗan ja da baya da ita. In ta shigo gidan suna sai ki ga an janye jariri. Wata rana amaryar maƙwabtanmu ta rasu wajen haihuwa, yarinya ce da ba ta kai ashirin ba. Na shiga gaisuwa na tarar gida cike da mata, Iya tana tsaye a ƙofar ɗaki tana neman wadda za ta zuba mata ruwa, don mai taimakonta ta yi tafiya. Kowa ta sunkuyar da kai. Wannan tana da ciki, waccan tana goyo, wata ta ce zuciyarta ba ta da ƙarfi. Uwar yarinyar tana can ƙauye ba ta iso ba. Iya ta dube ni ta ce, "Ke, ɗiyata, zo ki kama mini buta." Ƙafafuna suna rawa na bi ta. Abin da ya tura ni shi ne na tuna an taɓa tasowa daga tabarma domina.

A ɗakin nan na fara ganin yadda ake yi. Ana rufe mamaciya da zane daga ƙirji zuwa gwiwa, ba a buɗe ta. Mai wanka ta naɗe hannunta da ƙyalle, ta tausa cikin a hankali, ta tsarkake ta ta ƙarƙashin zanen. Sai a yi mata alwala irin ta salla, a wanke kai, a wanke ɓarin dama kafin na hagu. Ruwan da ganyen magarya a ciki, na ƙarshe kuma a sa kafur. Sau uku, in bai isa ba biyar, mara dai ake so. A tsefe kitso a wanke, a mayar da shi kalaba uku. Iya ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma da na kai wa Malama bayanin sai ta ce haka Annabi ya umarci matan da suka wanke ɗiyarsa Zainab, Ummu Aɗiyya ce ta ruwaito. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda Iya take yi wa gawar magana ƙasa-ƙasa: "Sannu ɗiyata, bari in juya ki. Sannu, saura kaɗan." Ta taɓa ruwan da bayan hannunta ta ce in surka, ya yi sanyi da yawa.

Da muka fito ta ce, "Abin da kika gani a ɗakin nan, a nan kika bar shi. Ko mijinki." Na dawo gida na yi wanka, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Washegari na je na ce mata in an sake kiranta ta aiko mini.

Shekaru na yi ina zuba mata ruwa kafin ta yarda in sa hannu. A nan na koyi abin da ba a karantawa a littafi. Jikin mace yana ɗauke da labarinta duka. Kanta a tafin hannun mai daka, tabon ƙuna a hannun mai tuya, ɗinkin tiyata a mara, ƙafar da ta tsattsage saboda tallan da ba ta taɓa hutawa ba. Wani lokaci kuma akan ga abin da ba a so a gani, shaidar zaman da ba a ji daɗinsa ba, a jikin matar da kowa ke cewa ta dace da gida. Ni ce ta ƙarshe da zan gani, kuma an ɗora mini in rufe. Akwai hadisin da ya yi alkawarin gafara ga wanda ya wanke mamaci ya kuma rufa masa asiri. Ni da na tashi ana koya mini shiru don kada a ce ba ni da haƙuri, sai ga ni ina wani shirun daban, wanda amana ce ta wadda ba za ta iya kare kanta ba. Wannan shirun ba ya ci mini rai.

Malama ta koya mana cewa wankan mamaci farilla ce ta kifaya: in wasu suka yi an sauke wa kowa, in kowa ya ƙi, duk gari ya ɗauki laifi. Na daɗe ina juya wannan magana. Ashe a duk lokacin da na ɗauki butar nan, nauyin unguwa guda nake saukewa, har da na waɗanda ke janye ƴaƴansu in sun gan ni. Tambayata ta farko, don me aka ba ni yarinyar aka karɓe, ban samu amsarta ba, kuma na daina jiran in samu a nan duniya. Ta biyun ce ta samu amsa, kuma ba a mafarki ko a wa'azi ta zo ba. Yaro ne yake buga ƙofa da dare yana cewa, "Wai ki zo in ji Baba, Inna ta cika."

Abin bai zo da sauƙi ba. Masu sayen ƙuli-ƙulina suka ragu, wasu a fili suka ce ba za su ci daga hannun da ke taɓa gawa ba. Maigidana ya ce shi bai auri mai wankan gawa ba, kuma ba zan taɓa mamaci in dawo in tuƙa masa tuwo ba. Ban yi masa gardama ba, na dai roƙi Malama ta sa mijinta ya yi masa magana, ya bar ni ba da son ransa ba. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu Iya tana kwance ba lafiya, ƴaƴanta mata kuma suka kasa shiga. Ni na wanke ta, matar da ta yi ta aiko mini da rubutu a kwalba. Da aka dawo daga maƙabarta ya shigo ɗaki ya zauna bakin gado ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Daga ranar, in aka zo kirana da dare shi yake ɗaukar fitila ya raka ni, ko ya tsayar mini da kabu-kabun da ya sani.

Iya ta rasu, ni na wanke ta, aikin ya dawo kaina. Lokaci mafi tsanani da na gani shi ne na kwalarar 2018, wadda ta faro daga wajen Madarumfa ta shigo gari. Wanda ya rasu da ita ma'aikatan lafiya ne ke shirya shi da ruwan magani, ba a ba dangi su yi yadda aka saba, domin gawar tana yaɗa cutar. Mutane suka riƙa zuwa wurina a ɓoye, wai in zo in yi wankan kafin a sani. Na ƙi, kuma na sha zagi. Na tambayi malamai suka ce addini bai ce a kashe rayayyu don a wanke matattu ba. Abin da na iya shi ne in zauna da uwa ko ɗiyar mamaciyar in gaya mata ba a wulaƙanta tata ba, an yi mata salla, kuma Allah ya san uzuri. Sai kuma ruwan ƙarshen watan Agustan 2024, da ya rusa gidajen ƙasa a kan mutane. Tsofaffi suna ba da labarin ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari a bakin gulbi har aka tashi aka hau tudu, to mu ma mun ga namu. A kwanakin nan na wanke uwa da ɗiyarta a tabarma ɗaya.

Tun da ina magana, bari in faɗi abin da ke damuna. Wayar hannu ta shigo ɗakin gawa. Ki ga yarinya ta ɗaga waya za ta ɗauki fuskar mamaciya ta sa a WhatsApp ko Facebook, wai a yi mata addu'a. Ni kam ina korarsu, ko ƴar gidan ce. Matar da ta yi shekara hamsin ba ta fita ba mayafi, ranar da ba ta da ikon cewa a'a ita ce za a watsa ta duniya? Sannan ga gidajen da za a kashe dukiya wajen abincin zaman makoki, alhali lokacin jinya kuɗin allura ya gagara. Gardamar sadakar uku da bakwai da arba'in na bar wa malamai, kowa da nasa ɓangare a garin nan. Ni dai na ga jikin da aka bari da ƙazanta da gyambon kwanciya, na kuma ga tukwanen da aka ɗora washegari.

Ba na yanka wa kowa kuɗi. Wasu sukan ba ni sabulu ko tiyar hatsi ko zanen mamaciyar, in karɓa, wadda kuma take karɓar lada ban ga laifinta ba, don ita ma ci take yi. Daga ribar man gyaɗa nake cire wani abu in sayi alawayyo in ajiye a akwati, matan makarantarmu ma sun shigo ciki, muna zubi duk wata. In aka yi rasuwa a gidan da babu, ko baƙuwa ta cika a asibiti ba ta da kowa a gari, daga nan muke yankowa, kuma ba a faɗa wa kowa daga ina ya fito. In jariri ne, bayan an ɗauka nakan koma wurin uwar bayan kwana biyu, lokacin da ƴan gaisuwa suka watse. Ba na ce mata ta yi haƙuri, wasu sun riga sun faɗa mata sau ɗari. Cewa nake, "Ƙanwata, yaya sunansa? Da wa ya yi kama?" Sai in yi shiru in saurara. Wadda na ga abin ya yi mata nisa, ba ci ba barci, nakan ce wa mijinta ya kai ta likita, don ciwon damuwa ciwo ne kuma yana da magani, ba a kuma hana ta addu'arta ba.

Yanzu gwiwoyina sun fara gajiya, durƙuso yana yi mini wuya, ga gari yana ta faɗi, sababbin unguwanni ba su da mai yi. Ina koya wa mata biyu. Ɗaya bazawara ce, hannunta ya faɗa, ta fara zuwa ita kaɗai in na kasa. Ɗayar yarinya ce da ta gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ita ta kawo kanta bayan rasuwar yayarta. Tana da natsuwa, ta kuma zo mana da safar hannu da takunkumi, ta nuna mana lokacin da ya kamata a sa. Matsalar ita ce an sa mata rana, kuma uwar saurayin ta aiko cewa sai dai ta zaɓa, ko auren ko wankan gawa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ni da Malama za mu je mu gaida uwar saurayin.